Kurakurai Biyu da Na Tafka a Kan Asusun Shiga Manhajar Rahoton Ajiya

Ƙannena da kuka fara aikin kula da kwamfutocin kamfani, lokacin da aka damƙa mini manhajar da ke tattara rahoton kwafin ajiya, wato wadda ke nuna kwafin da ya kammala cikin dare da wanda ya gaza, na raina ta ƙwarai, domin a ganina karatu kawai ake yi a cikinta. Duk wanda ya nemi shiga sai in buɗe masa asusun cikin gida, wanda sunansa da kalmar sirrinsa ke zaune a rumbun manhajar kanta, maimakon in haɗa ta da Active Directory inda ake tantance sauran ma'aikata. Har akwai asusu guda da mutum huɗu ke amfani da shi, ta yadda in an taɓa wani abu ba a san hannun wa ba ne.

Wani abokin aikinmu ya ajiye aiki, aka rufe asusunsa na tsakiya, wato na Active Directory, a ranar, kowa ya saki jiki. Sai bayan watanni na tarar asusunsa na cikin manhajar yana nan a buɗe, tunda rufe na tsakiya ba ya taɓa shi. A nan ne na zauna na duba abin da ke cikin rahoton da idon ɓarawo: sunayen sabobinmu duka, lokacin da ake kwafin kowace, inda ake adana kwafin, da waɗanda suka kwana biyu ba a kwafe su ba, ga kuma bayanan sirrin da manhajar ke riƙe da su don yin magana da sabobin ajiya. Masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa ajiya suke fara nema su lalata. Kutsen da aka yi wa kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a 2021 ta wani tsohon asusun VPN, wato hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga nesa, aka shiga, wanda ba a amfani da shi kuma ba shi da mataki na biyu na tantancewa.

Tsoro ya sa na goge asusun cikin gida kaf, na mai da kowa kan LDAP, wato hanyar da manhajar ke bi ta tambayi Active Directory. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Ranar da sabar tantancewar ta mutu, muna neman sanin kwafinta na ƙarshe mai kyau, manhajar ta ƙi buɗe wa kowa, domin wadda za ta tambaya ita ce a kwance.

Yanzu asusun cikin gida ɗaya tak nake bari, na gaggawa. Kalmar sirrinsa doguwa ce, tana ajiye a wurin da buɗe shi bai dogara da Active Directory ba, kuma in manhajar ta ba da dama ina ƙara masa lambar nan mai alƙaluma 6 da ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Da zarar an shiga da shi saƙo yana iso mini, sannan a sauya kalmar. Ban da wannan ba na tilasta sauyin wata-wata. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ma tun 2017 ta ba da shawarar a daina shi sai in akwai alamar kalmar ta fita.

Haɗin LDAP kuwa ku bi da shi ta ƙofa ta 636 mai rufin asiri, domin ta 389, in ba a kunna mata kariya ba, a fili kalmar sirri ke wucewa. Duk wata uku ina gwada asusun gaggawar, sannan in jera sunayen da ke cikin manhajar kusa da na ma'aikatan da ke bakin aiki.