A Saman Lilon Garwa

Tun cikin azumi maigidana ya fara maganar. Ya ce in Allah ya kai mu Sallah yana so mu ɗauki Baba da Inna mu je Garwa da ke arewacin Kamaru, Inna ta ga ƙanwarta Yafendo, mu kuma mu sha iska kwana uku. Na dube shi na ce ya san abin da yake faɗa kuwa? Mutumin da in ya hango Baba daga nesa sai ya tuɓe takalmi, wanda shekara biyu da aurenmu bai taɓa kurɓar ko ruwa a gaban Inna ba, shi ne zai shiga mota ɗaya da su? Ya ce in dai na shawo kan Inna, sauran nasa ne.

Inna haifaffiyar Garwa ce, 'yar unguwar Hausare. Aure ne ya haye da ita Ngaundere, tun daga nan kuma ba ta komawa sai ta'aziyya ko biki, ta kwana ɗaya ta juyo. Da na kai mata maganar ta ce, "Ke, yawo kuma da girmana?" Washegari na tarar ta aika an sayo mata zuma galan guda da piya rabin buhu, tsarabar Yafendo. Ban ƙara tambayarta ba.

"Ke" ɗin nan shi ne sunana a bakin Inna. Ni ce 'yar farinta, wanda ya tashi a gidan Hausa ya san sauran. In tana magana da mutane ni ce "yarinyar nan", ko da yake yarinyar nan ta kai shekara 27. Ƙannena tana kiransu da sunayensu, tana dariya da su, har kan cinyarta suke kwanciya. Ni tun ina ƙarama in na yi zazzaɓi sai ta tura ni ɗakin kakata, ta laɓe a bakin ƙofa tana tambayar ko na ci abinci. Ban taɓa shakkar ƙaunarta ba, amma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da abin ya ci ni a rai.

Ranar Sallah ta biyu muka kama hanya bayan asuba. Ƙaramar Sallar ta faɗo a watan Afrilu, lokacin da mutanen Garwa da kansu suke neman inda za su gudu, mu kuwa muka bar sanyin tudun Adamawa muka nufe ta. Kilomita kusan 280 ne. Maigida ya riga ya tsara zama tun a tasha: Baba a gaba kusa da direba, ni da Inna a tsakiya, shi kuma can kujerar ƙarshe tare da buhunan mutane, inda idonsa ba zai haɗu da na kowa ba.

Ngaundere tana sama da mita 1,000 bisa teku, saboda haka tafiya Garwa sauka ce. A gangaren da ake kira Falez hanya take murɗewa kamar maciji, kunnuwa su toshe, ka leƙa taga ka ga ƙasa ta shimfiɗe can ƙasa har iyakar gani. Baba ya yi shekaru yana jan babbar motar auduga a wannan hanya, kowace kwana ya san ta da labarinta, yana nuna wa direba inda birki ya taɓa cin amanar wani abokinsa. Muna gama sauka iska ta canja, ta zama kamar numfashin murhu. A Mbe muka tsaya Inna ta yi cinikin doya da Fillanci, don doyar garin ta yi suna, daga nan sai daji, birai zaune a gefen kwalta kusa da gandun namun dajin Binuwai suna kallon motoci, sai Ngong, sai gadar kogin Binuwai. Da muka hau gadar Inna ta daina jan carbi, ta juya fuskarta ga taga, ba ta ce komai ba har muka shiga gari.

Kwanan farko na zumunci ne, gaisuwa gida-gida har ƙafa ta gaji. A rana ta biyu 'ya'yan Yafendo suka tasa mu gaba wai sai mun je wurin wasannin da ake cika a lokacin Sallah. Dama abin da ni da maigida muke ƙullawa ke nan a ɓoye, mu sulale mu biyu bayan la'asar. Sai Baba ya ji, ya ce shi ma zaman ɗaki ya ishe shi. Yafendo ta ce ai kuwa Yaya ba za ta zauna gadin gida ba. Kafin ka ce kwabo mun zama mutum tara a kan babura biyar, da tabarma da kular zoɓo, wanda a nan kowa ke ce wa folere.

Wurin ba wani babba ba ne. Fili ne da aka kewaye, da bishiyoyin darbejiya a gefe, kiɗa na tashi daga lasifika, yara cikin kayan Sallah suna gudu ko'ina, 'yan mata da lalle har gwiwar hannu suna ɗaukar hoto. Akwai dokunan roba masu zagaye, da ɗan jirgin ƙasa na yara, da motocin karo, sai ƙaton lilon nan mai kama da tayar keke a tsaye, da kujeru rataye a jikinsa. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Baba ya zauna, ya ciro 'yar rediyonsa, ya juya wa filin baya gaba ɗaya yana fuskantar katanga. Ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Malam, ku je ku kula da yaran nan." Yaran da ya ce a kula da su kuwa tuni sun ɓace cikin taro. Mun gane. Izini ne ya ba mu, ya kuma kawar da idonsa don mu sake.

Muka shiga motocin karo. Ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba, na taka abin ya zabura, na nufi bango, na dawo na daki motar maigida ta gefe har hularsa ta faɗi. Ya biyo ni, na gudu, wani yaro ɗan shekara goma ya tare mu duka biyun. Na yi dariya har mayafina ya zame, hawaye na zuba, ban san rabon da in yi irinta a bainar jama'a ba. A gidanmu na Sabongari muna zaune da iyayensa da matan yayyensa, ko hira mai tsawo sai dare ya raba. Wannan minti biyar ɗin sun fi mini kwana ukun daɗi in ban da abin da ya biyo baya. Sau uku muka sake sayen tikiti.

Da rana ta yi sanyi ya sayo tikiti biyu na babban lilon. Muka biya ta wurin tabarma in ajiye jakata. A nan na ji Inna tana tambayar ƙaramar 'yar Yafendo, murya ƙasa-ƙasa, "Wai daga can sama ana hango kogi?" Yarinyar ta ce har gada ana gani. Inna ta ce "Uhm," ta ci gaba da firfita da bakin mayafi. Maigida yana tsugune daga nesa, kansa a ƙasa, ashe ya ji. Ya yafuto yarinyar ya danƙa mata tikitinsa, ya ce ta kai wa Inna, ta ce shi jiri yake ji in ya hau sama. Mutumin da yake hawa saman rufi yana ɗaura faifan sola kullum! Inna ta ƙi, Yafendo ta matsa, Baba daga inda yake ya ce, "Ki je mana, kuɗin yaro kada ya tafi a banza." Sai ga Inna ta miƙe tana gyara ɗaurin zane.

Kujerar ta mutum biyu ce, ƙunci gare ta, kafaɗarmu na gugar juna. Ban tuna ranar da na zauna kusa da ita haka ba. Mai kula da lilon ya sauke ƙarfen tsaro a kan cinyoyinmu. Da aka fara ɗagawa ta ce "Bismillahi" ta runtse ido, ta kama ƙarfen da hannu biyu, zoben azurfarta yana ƙwanƙwasa shi. Zagaye na farko ba ta buɗe ido ba. A na biyu ta buɗe ɗaya. A na uku, muna isa can ƙololuwa, kiɗa ya yanke, fitilu suka mutu, lilon ya yi wata ƙara ya tsaya cak. An ɗauke wuta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a arewacin Kamaru da bazara. Wutar yankin galibi daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, wadda 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, kuma in rani ya yi nisa ruwan tafkin ya ja baya, injinan ba sa iya ba da abin da suka saba. Ƙasa ana ta ihu, yara wasu na kuka wasu na tafi, masu wurin sun ruga wajen janareta. Mu kuwa a sama sai iska, da shiru irin wanda ban zata ba.

Garwa gaba ɗaya tana ƙarƙashinmu, kore shar da darbejiya duk da zafin. Inna ta saki ƙarfen da hannu ɗaya ta fara nuni. Ga hasumiyar babban masallaci. Ga dutsen Tingilin can, mai shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke shi da wuƙa. Ni na gano fitilun filin ƙwallo na Rumde Ajiya, inda maigida ya zo a Janairun 2022 ya ga Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, labarin da har yau bai gama ba ni ba. Ita ba wannan take nema ba. Idonta na kan Binuwai, wanda rani ya mayar da shi siraran hanyoyin ruwa tsakanin farin yashi, rana na faɗuwa a kansa ja wur. Ta ce can suke zuwa wanki ita da Yafendo, a shanya kaya a kan yashi, kafin a gama wanka sun bushe. Ta ce kakanta yana ba su labarin jiragen ruwa da suke tasowa daga Najeriya da damina, su biyo ta Yola su zo su ɗauki auduga da gyaɗa. Ta ce akwai wata tsamiya a bakin gangare da suke ɗaura igiya suna shillo, har ta taɓa faɗowa ta fasa haɓa. Ta ɗaga kai ta nuna mini tabon. Shekara 27 ina ganin tabon nan, ban taɓa sanin daga ina ya zo ba.

Na so in ɗauki kogin a waya. Na ciro ta, na ɗan ɗaga jikina na miƙa hannu waje don reshen wata bishiya ya kauce. Kujerar ta karkata gaba. Ban ankara ba sai na ji an damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, aka fizgo ni baya, kuma Inna ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran yaron da ya nufi rijiya.

Na zauna. Ita ma ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta kawar da kai wajen kogi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma ba ta saki hannuna ba. Ina jin bugun jininta a tafin hannunta, da kaushin yatsun da suka yi shekaru suna tuƙa tuwo. Ban yi magana ba, don na san in na buɗe baki kuka zan yi, in kuma na yi kuka za ta saki. Muka zauna a haka, ba zan iya cewa minti nawa ba. Aka fara kiran magariba daga masallaci ɗaya, wani ya karɓa, wani ya karɓa, har garin ya cika.

Da na sunkuya na duba ƙasa, sai ga Baba ya bar tabarma da rediyo, yana tsaye a gindin lilon, maigida a gefensa kafaɗa da kafaɗa, takalminsa a ƙafa, su biyun sun ɗaga kai suna nuna mu suna magana a tare. Hannun Baba yana kan kafaɗarsa. Janareta ya tari sau biyu ya kama, fitilu suka dawo, lilon ya sauko da mu a hankali. Kafin ƙafarmu ta taɓa ƙasa maigida ya riga ya koma baya taku biyar ya tsuguna. Inna ta sauka ta ce wa Yafendo, "Yarinyar nan ba ta da hankali, tsaye take son yi a sama."

Washegari da sassafe Baba ya ce a kai shi bakin kogi. Muka tsaya a kan gangare muna kallon masu haƙar yashi da masu kwalekwale, can a wani gurbi mai zurfi dorina biyu suna fito da kunnuwa suna huci su nutse. Inna da Yafendo suka yi ta neman tsamiyar, suka yi gardama a kan inda take, ba su same ta ba. Baba ya sayi gasasshen giwan ruwa, ya ɓare takardar, ya ce, "Malam, matso." Maigida ya ce ya ƙoshi. Baba ya ce bai tambaye shi ba. Ya matso ya gutsuri loma ɗaya, ya juya gefe ya kai baki, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

A motar komawa zama bai canja ba, Baba a gaba, maigida a can baya. Mun wuce Mbe mun fara hawan Falez, iska mai sanyi ta fara shigowa, sai Inna ta kwance ƙullin kilishin da Yafendo ta ba ta. Ta yage babban yanki, ta naɗe a takarda, ta zungure ni da gwiwar hannu tana kallon gaba. "Ke," in ji ta, "miƙa wa mai jirin nan."