Zangon Fataken Alƙahira

Wallahi gajiya ce ta sa na shiga Wikalatul Guri, wani tsohon masaukin fatake, ba wani son tarihi ba. Hajiya na kai asibiti a Alƙahira, ranar da likita ya ce mu huta sai ƙanina da ke karatu a Azhar ya ja ni yawo, muka yi ta kutsawa cikin kasuwar Khan el-Khalili masu shago na ta kira ta ko'ina har na ce masa kai ni fa ƙafata ta mutu. Ya ce Yaya daure, ga wani wuri nan kusa da masallacin Azhar.

Ƙofa ce doguwa ta dutse, kana shiga hayaniyar titi ta ɗauke ɗif kamar an kashe janareto. Tsakar gida babba, wurin ruwa a tsakiya, gini hawa biyar ya kewaye ta. Hawa biyun ƙasa na dutse ne, bakan gizo jere reras da dutse launi biyu, nan a da fatake ke sauke kaya su kulle a sito su yi ciniki. Sama kuma ɗakunan haya masu tagogin katako da aka sassaƙa raga-raga, mashrabiyya suke ce musu, iska na shiga, na ciki na ganin tsakar gida shi kuwa ba mai ganinsa.

Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri ne ya gina ta tsakanin 1504 da 1505, kuma mutumin ya san kan kuɗi, domin hayar wurin waƙafi ce da ke ciyar da makaranta da masallacinsa da ke nan kusa. Har hubbare ya gina wa kansa, amma a 1516 ya fita yaƙi da Sarkin Usmaniyya Salim a Marj Dabiƙ wajen Halab ta ƙasar Siriya, ko gawarsa ba a samu ba.

Ina zaune sai na tuna labarin da kakanmu ke bayarwa na fataucin goro a Gwanja, yadda ayari ke sauka gidan fatoma, ya ba su ɗaki, ya adana kaya, ya nemo masu saye. To ai shi ne wannan, kawai dai nasu da dutse suka yi, namu na ƙasa damina ta cinye.

A lokacin da daddare ana rawar tannura, wato rawar juyi irin ta sufaye, a tsakar gidan, ƙanina ya so mu jira, sai ga wayar Hajiya wai lokacin magani ya yi kuma ledar na hannuna.