Ta ina ƙafar bene za ta tashi?

Filinmu da ke unguwar Rijiyar Zaki a Kano ƙafa 50 ne da ƙafa 100, mu kuwa ba 'yan kaɗan ba ne: ni da Abban yara, yara biyar, ga Inna mahaifiyarsa da za ta dawo wajenmu, ga baƙin ƙauye da ba sa yankewa. In aka shimfiɗa ɗakuna duka a ƙasa, tsakar gida ta tafi ke nan. Ni kuma ba zan iya zaman gidan da babu inda zan shanya wanki ko in kafa murhu ranar suna ba. Shi ya sa muka tsaya a kan bene.

Zanen farko da aka kawo mana, kyau kam ya yi kyau. Ƙafar bene ta taso daga tsakiyar babban falo, ta lanƙwasa ta hau sama. Abban yara na gani ya ce ma sha Allah. Ni sai na ɗora yatsa a kan takardar, na bi hanyar da zan riƙa bi kullum, daga ɗakina zuwa kicin. Ashe dole in ratsa ta gaban duk wanda ke zaune a falo. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, abokansa ne ke cika falon nan har la'asar. Ke nan duk saukowa sai na laluɓi hijabi, 'yan matana ma haka, a cikin gidanmu.

Na ce, "Abban yara, don Allah ka tuna gidanku na cikin gari. Baƙo namiji yana wuce zaure?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ko shigifa ba ya kaiwa sai an yi masa iso." To abin da nake so ke nan. Magabatanmu da ƙasa da azara suka yi gini, amma sun san wa zai tsaya a ina. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ya ga yadda ake bin soro bayan soro kafin a kai ciki. Siminti da tayil bai kamata su mantar da mu wannan ba.

Aka sake zane. Falon baƙi ya koma gaba da ƙofarsa da banɗakinsa, ƙafar bene kuma ta dawo ciki, gefen kicin, tana fuskantar falon iyali.

Sai maganar awon matakalar, inda na fi kafewa. Na sha hawa benaye a garin nan da kana kaiwa sama kana haki, saboda an matse wuri an yi taka masu tsawo, wata ma ta fi wata. Wannan rashin daidaiton shi ke kayar da mutane, don ƙafa tana sabawa da awon farko. Injiniya ya yi mana lissafin a fili: daga daɓen ƙasa zuwa daɓen sama ƙafa 10 ne, wato inci 120. In kowace taka ta yi tsayin inci 6, za a samu taka 20, faɗin wurin ɗora ƙafa kuma inci 12. A miƙe, wannan zai cinye kusan ƙafa 20 na gida, don haka aka raba shi biyu, goma a hau, a huta a fili, a juya, goma a ƙarasa. Faɗin ƙafar benen kanta na ce kada ya gaza ƙafa 4. Gado da katifa da sif ta nan za su bi, haka mai ciki, haka mai goyo da bokiti a hannu. Na kuma roƙi a sa taga a wurin hutawar, domin in an ɗauke wuta da rana kada a riƙa lalube, a sa tayil mai kaushi, ƙarafan dogarawa kuma a matse su yadda kan yaro ba zai shige ba.

Inna dai ba za ta hau ko taka ɗaya ba, gwiwa ta hana. Ɗakinta na ƙasa, ƙofarsa na kallon tsakar gida, inda za ta shimfiɗa tabarma da hantsi ta ga jikokinta. Mun kauce wa bangon yamma, don wanda ya san zafin Afrilu a Kano ya san yadda bangon nan ke riƙe rana har tsakar dare. Can muka tura sito da banɗakuna. Su ma banɗakunan an juya mazauninsu kudu ko arewa, tunda alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa.

Yanzu zanen yana KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ana jiran amincewa, Abban yara kuma ya fara zagayen Ƙofar Ruwa yana tambayar farashin rodi. Abu ɗaya ya rage ba mu daidaita ba, wato ƙarƙashin benen. Shi yana so a ajiye batiran sola a wurin, ni kuma buhunan shinkafa da gero nake hange, tunda ga kicin a kusa. Injiniya ya ce mu yanke kafin a zuba dakin, wato simintin daɓen sama, saboda bututun waya.