Mai suyar awara ma tana biyan haraji

Duk sanda aka tada maganar haraji a Kano sai ka ji maza ne ke ta muhawara a rediyo da majalisa, kamar mata ba sa biya. Wallahi suna biya, wani lokacin ma nasu ya fi ciwo.

Ka dubi matar da ke suyar awara a bakin titi, jarinta bai taka kara ya karya ba, amma in mai tikiti ya zo abin da zai yanka mata kusan shi zai yanka wa mai teburin da cinikinsa ya ninka nata nesa ba kusa ba, haka za ta kwance bakin zani ta ƙirgo ta miƙa tun man bai yi zafi ba. Ta saka kati a waya, ta sayi sabulu, nan ma VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, na ciki, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020. Doka ba ta ce mace ko namiji ba, gaskiya ne, sai dai wanda duk abin da ya samu a cefane yake ƙarewa shi ya fi ji a jikinsa, kuma a unguwanninmu zawarawa da matan da aka bar wa marayu su ne a sahun gaba.

Kar a ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. Suwidin tun 1971 ta daina haɗa kuɗin miji da na mata wajen lissafin haraji, saboda haɗawar tana sa albashin matar ya sha yanka har ta ga fita aikin ba riba, amma Jamus da duk arzikinta har yau tana da tsarin haɗawar. Audugar mata kuwa Kenya ta cire mata VAT tun 2004, Ingila sai 2021 ta farga. Mu ma an cire wa wadda ake yi a nan Najeriya a 2020.

Kuma mata ba yau suka fara ƙorafi ba, matan Aba sun yi bore a 1929 kan batun haraji. Nan Kano ma ai marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau mulki a 1979, don ya ga talaka ake tatsa.

Sabuwar dokar da Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta yafe wa mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara, madalla, amma mai awara ba albashi take ɗauka ba balle ta gani a ƙasa. Ita damuwarta tikitin kullum, ga ruwa sai ta saya wajen 'yan garuwa, ta je awo a ce ta sayo magani a waje. Ni dai a ganina a riƙa yanka tikiti daidai ƙarfin jarin mutum, a ba da rasit na gaske, masu ɗan ƙaramin jari irin nata kuma a ƙyale su kawai.