Na bar dillancin leda, na koma ɗinkin jakar cefane

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da leda a bakin kasuwar Singa a Kano. Baƙa, farar santana, viva mai ɗaukar kaya masu nauyi, babu wadda ban yi dillancinta ba. In saro daga kamfani a Sharaɗa, in raba wa masu shaguna da masu tireda da mata masu alala da awara. Da kuɗin leda na yi aure, da shi na sayi keken ɗinkina na farko. Don haka idan ana musun hana leda a rediyo, da kunne biyu nake saurare, domin na ci abinci a ɓangaren can, yanzu kuma ina ci a wannan.

Kekuna huɗu ne a shagona, da yara shida. Biyu na wanki da yanka, huɗu na kan keke. Kayan aikinmu buhu ne da ya gama aikinsa na farko: na shinkafa, na sukari, da na fulawa da muke bi gidajen burodi muna saye. Buhun taki da na siminti ba ma taɓawa ko kyauta aka ba mu, tunda abin da za a ci ne zai shiga jakar.

Kowane buhu da halinsa. Na fulawa ya fi kyan jiki, amma in ka yi gaggawa ka tsoma shi a ruwa kafin ka juya cikinsa ka kakkaɓe, fulawar sai ta zama ƙullu ta manne a saƙar, bayan kwana biyu kuma tsami ya tashi. Na sukari kuwa, ka bar shi ya kwana ba a wanke ba, da safe tururuwa ce za ta yi maka sannu da zuwa. Bayan wanki da shanya sai yanka, a nan ne sabon yaro yake ɓarna, domin buhu yana zarewa daga baki. Dole a ninka bakin sau biyu kafin allura ta hau. Ƙaramar allurar ɗinkin riga ba ta jure wannan aiki, sai babba, da zare mai kauri.

Inda jaka take mutuwa shi ne hannu. A watannin farko liƙa hannun nake yi a bakin jaka kawai, sai aka riƙa dawo min da su a tsinke, wata mata har doyarta ta zube a titi ta zo ta wanke ni tas. Daga nan na koma zagaya igiyar hannun ta ƙarƙashin jakar gaba ɗaya, ta yadda nauyin zai zauna a kanta. Igiya ta ƙaru, lokacin ɗinki ya ƙaru, riba ta ragu, amma tun daga lokacin ba a ƙara dawo min da tsinkakken hannu ba.

Mutane suna ɗauka labarin doka ne ya sa na canza sana'a. Tsada ce. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Leda kuwa daga ƙwayoyin roba ake narka ta, waɗanda asalinsu mai ne da iskar gas. Wasu daga Eleme kusa da Fatakwal suke zuwa, wasu da dala ake shigo da su, injin kamfani kuma in babu wuta dizal yake sha. Farashi ya riƙa tashi a hannuna mako bayan mako. Mai shagon da a da yake ninka maka leda biyu ba ka tambaya ba, sai ya fara cewa “leda fa kuɗi ce”. Ban daɗe ba na fara ganin mata suna fito da tsohuwar viva a ninke daga cikin jakar hannu. Abin da shekarun wa'azin tsabtar muhalli ba su yi ba, kuɗin leda ya yi shi cikin 'yan watanni. Ganin haka ne na sayi keke.

Masu son a hana leda suna da hujja, kuma ni da na raba ta da hannuna ba zan musa ba. Wanda ya leƙa Jakara ko kwatar unguwarsu bayan ruwan farko na damina ya san abin da ya toshe hanya. Mahauta suna farka tumbin saniya ko na akuya su ciro dunƙulen leda, dabbar ta yi ta ramewa mai ita yana zuba mata magani a banza. Manoman gefen gari da suke sayen shara a matsayin taki, yanzu rabin aikinsu tsince leda ne daga gona.

An kuma gwada doka a wurare da yawa. Ruwanda ta hana tun 2008 kuma ta tsaya a kai. Kenya ta bi a 2017 da hukunci mai tsanani, tarar da ta kai shilin miliyan huɗu ko ɗaurin shekara huɗu. A nan gida, Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hanawa a 2019, da tarar naira dubu ɗari biyar ko ɗaurin shekara uku, amma bai zama doka ba. Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a Janairun 2024, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta fara kama siririyar leda. Sai dai maƙwabtanmu sun fi koya min darasi. Nijar ta yi dokarta a 2014, Kamaru ma a shekarar ta fara aiki da tata. Duk da haka, a zamanin da nake dillanci, fatake daga can suna cikin masu saye da yawa a kasuwarmu, kuma na je Maraɗi na ga baƙar leda a saƙale jikin ƙaya kamar yadda take a Kano.

Inda nake rabuwa da masu kiran a hana gaba ɗaya shi ne wajen ƙulli. Jakata tana maye gurbin ledar da ake ɗauko cefane a ciki, wannan ba gardama. Amma talaka ba ya sayen galan ɗin mai ko kwalin sukari. Ƙullin man gyaɗa yake saye, ƙullin gishiri, ƙullin omo, koko na safe, ruwan leda. Babu jakar buhun da za a zuba manja cokali uku a ciki. Ko Legas da ta fi kowa zafi ba ta taɓa ruwan leda ba, haka ta ƙyale leda mai kauri. Babanmu kan ce a zamaninsu da kwano ake zuwa sayen koko, da kwalba ake zuwa sayen mai, tsire kuma a takarda ake naɗe shi. Na ce masa, “Baba, a lokacinku ai mai kokon a ƙofar gida take. Yanzu mutum a tasha yake karyawa, ina zai kai kwano?” Ya ce lalaci ne kawai. Har yau ba mu daidaita ba, ko da yake zuba koko mai zafi a santana ni ma ba ya kwanta min.

Wani malamin makaranta ya taɓa tsayawa a shagon ya juya jaka ya ce, “Malam, ai wannan ma roba ce.” Gaskiyarsa. Buhu ma daga mai aka yi shi. Bambancin kawai shi ne sau nawa za a yi aiki da shi kafin ya isa bola. Jakar da aka saya aka jefa ƙarƙashin gado ba ta rage ledar kowa ba. Na taɓa ɗinka wa wata ƙungiya ɗaruruwa, aka buga musu rubutun kare muhalli, aka raba a taron kwana ɗaya. Kuɗina sai da na yi wata uku ina sintiri, jakunkunan kuma ko ɗaya ban taɓa gani a kasuwa ba.

Sana'ar tana da wata matsala da leda ba ta da ita: mai sayen leda gobe zai dawo, mai sayen jakata sai baɗi. Ƙarkon da nake alfahari da shi, shi ne yake rage min ciniki. Ga kuma batun wanki. Wata Hajiya ta dawo da tata tana ƙorafin wari.

Na ce, “Hajiya, me kuka zuba a ciki?”

Ta ce, “Kifi ne da nama, sai kayan miya.”

“Kun wanke ta kuwa?”

Ta dube ni ta ce, “Au, ita ma wanke ta ake yi?”

Tun daga ranar nake gaya wa kowa cewa nama da ɗanyen kifi su shiga roba mai murfi tukuna, jakar kuma a wanke ta a shanya a rana. Leda ta saba wa mutane da yarwa, har sun manta abin ɗaukar abinci yana son sabulu.

Mata ne kusan duk masu sayena, musamman masu zuwa 'Yankaba sayen kayan gwari. Maza sun gagare ni. Magidanci ya taso daga aiki ya biya ya sayi tumatir da burodi, ba zai fita tun safe da jakar buhu a hannu ba, kunya yake ji. Saboda su na fara gwada wata ƙarama daga ragowar yadin da nake samu a wurin teloli da 'yan Kwari, wadda za ta ninku ta shiga aljihun kaftani. Ta farko ta yi kauri, aljihu ya kumbura kamar an sa goro. Ta biyu ta yi laushi amma ta yage da mudu biyu na shinkafa. Ta uku tana kan keke yanzu.

Kafin in gama da ita kuma dole in tara buhu. Da zarar kaka ta shigo, 'yan hatsi na Dawanau za su bi gidajen burodin nan su kwashe komai, farashi ya tashi har sai bayan an gama kai amfani rumbu. Na riga na ba gidaje biyu kuɗi a gaba, na uku yana ta ja min rai.