Ranar 19 ga wata da Zabura 109

Kafin ka tara mutane ku karanta Zabura daga ta 1 zuwa ta 150, ka buɗe ta 109 kai kaɗai, ka karanta ta da ƙarfi har ƙarshe. Ni ban yi haka ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Tsarin da muke bi a sujadar gidanmu ba wuya. Zabura 150 ne, wata kwana 30, biyar ke nan a rana. Ka ɗauki kwanan wata ka yi ta ƙara masa 30: ran 1 ga wata ana karanta 1, 31, 61, 91 da 121, ran 2 kuma 2, 32, 62, 92 da 122, haka har wata ya ƙare. Uku da asuba, biyu bayan tuwon dare. Littafin duka aya kusan 2,500 ne, wato kimanin 80 a rana, amma rabon ba daidai yake ba. Ran 27 aya 54 ce kacal, domin ta 117 aya biyu gare ta. Ran 18 kuwa aya 157, saboda ta 18 da ta 78 sun haɗu, don haka ranar a tashi da wuri ko yara su makara makaranta. Ta 119 mai aya 176 kada ka bar ta ran 29, za ta haɗu da ta 89 ta kashe muku gwiwa. Kashi 22 ce, kowane kashi aya takwas bisa jerin baƙaƙen Ibrananci, sai mu ɗauki kashi ɗaya kowane dare daga 1 zuwa 22 ga wata.

Ba mu muka fara wannan ba. Benedikt, wani shugaban sufayen Kirista a ƙasar Italiya a ƙarni na 6, ya tsara wa almajiransa su gama Zabura duka a mako guda. Littafin addu'ar Angilikan na 1549 ya raba ta wata guda, safe da yamma, a jere daga farko zuwa ƙarshe. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne ba kai kake zaɓar abin da za ka karanta ba, ranar ce take kawo maka. Wanda aka bari ya zaɓa, a 23 da 91 da 121 zai yi ta zagaye har tsufansa.

Ran 19 ga wata jerin shi ne 19, 49, 79, 109, 139. Ta 109 ta faɗo da dare, kuma muna karatun karɓa-karɓa, ni aya ɗaya, jama'a aya ɗaya. Akwai wata mama maƙwabciyarmu da take shigowa, mijinta bai cika shekara da rasuwa ba, wan mijin ya ƙwace gonar da ya bari, ita da marayu huɗu. Aya biyar na farko kuka ne na wanda aka yi wa ƙarya aka rama masa alheri da mugunta. Daga aya ta 6 sai la'ana ta fara zuba: kwanakinsa su gajarta, wani ya ɗauki matsayinsa, 'ya'yansa su zama marayu, matarsa gwauruwa, su yi yawon bara, mai bin bashi ya kwashe abin da ya mallaka. Yara ƙanana suna karɓa da bakinsu. Mama kuwa kowace aya sai ta ce “Amin” da ƙarfi, a ta goma ta kira sunan mutumin.

Rashin shirina laifi ne, amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne abin da na yi washegari. Na ɗauki biro na soke 58, 83, 109 da 137 daga takardar jerin karatunmu da ke manne a bango, na haɗa da ta 88 domin na ga ba ta da ko aya ɗaya ta farin ciki. Har hujja na samo wa kaina: littafin addu'ar yau da kullum da Katolika suka fitar a 1971 bai sa 58, 83 da 109 cikin zagayensa na mako huɗu ba. Gaskiya ne, amma su sun yi shekaru suna auna maganar. Ni kunya ce kawai ta kama ni, na so kada a sake ba ni ita.

Mama ta ga takardar. Ba ta ce komai ba, ta daina zuwa. Wata uku sannan na je gaishe ta, sai ta ce: “Ɗana, tun da baban yaran nan ya rasu kowa haƙuri yake ba ni. Ranar nan kaɗai na ji Littafi Mai Tsarki ya san abin da ke cikina, kai kuma ka sa biro ka soke.” Na ce, “Mama, na yi kuskure.” Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne mai wannan Zabura bai ɗauki adda ba, bai je wurin boka ba. Gaban Allah ya kai ƙara, da zafinta yadda take, ya bar ta a can. Kan Zaburar yana ɗauke da sunan Dawuda, mutumin da sau biyu Saul ya faɗa hannunsa, a 1 Sama'ila 24 da 26, ya ƙi taɓa shi. A aya ta 4 ya ce suna zarginsa, shi kuwa addu'a yake yi. Daga aya ta 21 murya ta sauya gaba ɗaya: ni matalauci ne, zuciyata ta yi rauni, gwiwoyina sun raunana don azumi, bari su la'anta, kai ka sa albarka. Ta ƙare da Allah tsaye a hannun dama na mai bukata. Duk wanda ya tsaya a aya ta 20 bai karanta Zaburar ba, wanda ya tsallake ta kuma ya hana wanda aka zalunta hanyar da za ta kai shi aya ta 31. Manzanni ma ba su soke ta ba, Bitrus ya ɗauko aya ta 8 a kan Yahuza Iskariyoti a Ayyukan Manzanni 1:20.

Yanzu takardar bango tana da jan alama a ranaku bakwai: 5 saboda ta 35, 9 saboda ta 69, 17 saboda ta 137, 19, 23 saboda ta 83, 28 saboda 58 da 88, sai 29 saboda ta 59. Ran 19 ta fi kowacce nauyi, domin ban da 109, ta 79 tana roƙon a rama wa maƙwabta ninki bakwai, ta 139 mai daɗin nan ma tana da ayoyi 19 zuwa 22 masu roƙon a hallaka mugaye. Daren da ya gabaci kowace jar rana ina karanta su ni kaɗai.

A waɗannan ranaku ba ma yin karɓa-karɓa. Babba ɗaya ne yake karantawa daga farko zuwa ƙarshe, a hankali, ba ɗaga murya kamar mai faɗa. Kafin a fara ana faɗin abu biyu a taƙaice: wane ne yake magana, me aka yi masa. Ga ta 137, alal misali, sai a ce waɗannan mutane ne da Babila ta rushe musu Urushalima wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, ta kwashe su bauta, Edomawa suna tsaye suna zugawa a rushe har tushe, sannan aka ce su rera waƙa su faranta wa masu bautar da su rai. In ba a faɗi wannan ba, aya ta 9 a kan fyaɗa jarirai da dutse za ta faɗo wa mutane kamar dutse daga sama. Ba a kiran sunan kowa, ba a cewa “Amin” a tsakiya. In an gama sai a yi shiru na minti guda cikakke, ina duba agogo, domin shirun yana da nauyi kuma mai jagora yakan so ya cike shi da wa'azi. Bayan haka Romawa 12:19 zuwa 21, ko addu'ar Yesu a kan gicciye a Luka 23:34, sannan Addu'ar Ubangiji. Yara 'yan ƙasa da shekara goma ana sallamarsu da ta 4 ko ta 134 kafin a shiga mai nauyin. Waɗannan biyun da ta 91 su ne na kwanciya barci tun zamanin Benedikt.

Maganar kiran suna ba na sassautawa a kanta. Akwai masu rubuta sunan abokin gaba su cusa a shafin Zabura 109 ko 35, kamar yadda wasu suke barin littafin a buɗe a ta 91 ƙarƙashin matashin kai ba tare da sun karanta ba. Wannan laya ce aka canja wa riga. Shaiɗan kansa da ta 91 ya jarabci Yesu a Matiyu 4:6.

Ta 88 ita ce na fi jin kunyar sokewa. Aya 18 ce, ta wani mai suna Heman, ta fara da “Allah na cetona” ta ƙare da duhu a matsayin abokin da ya rage. Ga wanda ya daɗe a kwance, ko wadda ta binne ɗa, babu wadda ta kai ta. In ka karanta masa ita, kada ka yi saurin ɗora “amma Allah zai yi”. Ran 28 tsarin da kansa yana yin aikin: 88 ce ta ƙarshe da asuba, a wuni da ita, da dare sai 118 da 148 su zo.

Akwai kuma abin da ya kamata in yi tun daren farko. Wanda ya ji gwauruwa ta ce “Amin” irin wannan, gona ya kamata ya tambaya, ba takardar bango zai gyara ba. Ran 22 ga wata ta 82 tana cewa a yi wa marayu da marasa ƙarfi adalci, mun karanta ta sau uku cikin watannin da ba ta zuwa, ba wanda ya motsa. Bayan gaisuwar nan ne muka ɗauki dattawan ikkilisiya biyu muka je wurin mai unguwa.

Mama ta dawo. Ran 19 ni nake karanta aya ta 1 zuwa 20, ita ta karɓa daga ta 21 zuwa ƙarshe, ita ce ta nemi a yi haka. An mayar mata da rabin gonar kafin damina, sauran rabin maganarsa tana gaban dattawa.