Faifan Sallah

Yau da hantsi na iske Inna a gidanmu na Sakkwato, zaune bisa tabarma da jikokinta uku, tana koya musu saƙar faifan da za a rufe tuwon Sallah da shi, da kabar da ta rina ja da karan dafi tun jiya. Da ƙaramarsu ta kasa soka basilla har idanunta suka ciko da ƙwalla, sai Inna ta kama hannunta ta ce, "Kishiyata, bi a hankali," suka soka tare, ko da yake yatsun Innar ma rawa suke yi yanzu.

Na daɗe tsaye ina kallonsu, domin da wannan hannun ta koya mini, ni kuwa rabona da basilla ya kai shekara 20.